Rumfar babur ɗin Baba

Daga ƙofar zaurenmu zuwa bakin kwata taku huɗu ne. Na auna da ƙafa, na auna da igiya, daga baya ma na aro tef wajen tela na sake aunawa, kamar mai fatan ƙasa za ta ƙaru cikin dare. Ba ta ƙaru ba. A kan waɗannan taku huɗun muka yi shekaru muna fama, ni da mahaifina da maƙwabta da masu jan fenti, kuma har yau maganar ba ta mutu ba. Kwanciya take yi, ta tashi duk shigowar hunturu.

Mu mutanen Jugu ne da suka gangaro Faraku. Kakan mahaifina fatauci ne ya fito da shi daga ƙasar Kano, zamanin da ayari ke bi ta Nikki da Jugu zuwa Salaga ɗauko goron Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake da yawa suka nemi wasu zangunan, namu ya tsaya a Jugu ya yi aure, ya zama mai masaukin baƙi. Baba ne ya baro gidan gado yana saurayi, saboda a Faraku jirgin ƙasa daga Kwatano ke ƙarewa, a nan ake sauke kaya a loda wa manyan motoci masu haurawa Malanbil da Gaya, har Yamai da Maraɗi. Inda ake sauke kaya kuwa ba a rasa abin yi. Ya taɓa goro, ya taɓa kanwa, ya ƙare a albasa, ni ma a kanta na tashi. Shekara arba'in da wani abu bai san yini a gida ba, sai in zazzaɓi ne ya kayar da shi.

A 2013 ciwon suga ya ci masa ƙafar dama, aka yanke ta daga saman gwiwa. Wata huɗu ya yi a kan tabarma yana kallon rufin ɗaki. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa, “Alhaji, ai lokacin hutu ne ya yi, ga yara sun kawo ƙarfi.” Yana amsawa da “haka ne”, amma ni da na san shi na san kowace “haka ne” sara ce ake yi masa. Abin da ya tayar da shi wani mai walda ne, ɗan Jugu shi ma, wanda ya zo gaisuwa ya ga tsohon babur ɗin Baba jingine. Ya ce a ba shi kwana goma. Ya ƙara masa taya biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, ya ɗauke birkin ƙafa ya mayar da shi hannu, ya liƙa wani bututu a gefe inda sanduna za su zauna. Ranar da Baba ya fara hawa ya zagaya unguwa, yara na bin sa da gudu, Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, don kada a ga tana kuka.

To, amma babur mai taya huɗu ba ya shiga zaurenmu. Ƙofar ta yi masa kaɗan da kusan taki guda, ga kuma matakala uku, don an ɗaga daɓen gidan saboda ruwan damina. Gidan haya ne. Mai shi ya rasu tun da daɗewa, magada bakwai ne, uku a Faraku, sauran a Kwatano da Abijan. Na nemi izinin fasa bango in faɗaɗa ƙofa da kuɗina. Biyu suka yarda, ɗaya ya ce sai an tambayi na Abijan, na Abijan bai taɓa ɗaukar waya ba. Na ce wa Baba mu tashi mu nemi gida mai babbar ƙofa. Ya dube ni ya ce, “A nan aka haife ka. Masallacina ga shi can, liman ya san tarina. Ina za ka kai ni?” Ban sake tayar da maganar ba.

Saboda haka babur ya kwana a waje. Wanda bai taɓa zama da mai ƙafa ɗaya ba ba zai gane abin da kwanan waje ke nufi ba. Ni da ku, in babur ya ƙi tashi da asubar Disamba, sai mu taka kik sau biyar shida, ko mu tura shi da gudu mu ɗare. Baba ba shi da ƙafar kik. Abin da yake da shi maɓallin hannu ne da batir, batir kuwa ba ya son sanyi. Ƙurar hunturu kuma ba ta bar ko'ina ba: ta shiga kafireto, ta toshe matatar iska, ta kwanta a kan kujera har sai an kaɗe. Da damina sai kujera ta jiƙe, ƙasa ta yi santsi, sanda ta zame. Sau biyu ya faɗi yana ƙoƙarin hawa. Na biyun ya daki kututturen ƙafar, ciwo ya buɗe, kuma kun san yadda ciwo yake a jikin mai suga. Sai da muka yi wata biyu muna zaryar wanki.

A farkon 2014 na kafa rumfa. Ƙarfe huɗu, kwano shida, zana a gefen gabas inda iska ke bugowa, sannan na zuba siminti a kan kwata don tayar baya ta sami wurin zama. Kusan jika tamanin ta ci mini. Daga ranar Baba ya koma mutum. Da asuba ya sauko matakala da sandunansa, ya dafa ƙarfen rumfa, ya juya ya zauna, ya danna, babur ya amsa. Ba ya tashin kowa. Ya je masallaci, ya dawo ya karya, ya wuce kasuwar Arzeke ya zauna a kan benci yana yi wa yarana faɗa a kan yadda suke zuba albasa a kwando. Ba wani ciniki yake yi ba. Amma duk dillalin da ya sauko daga Malanbil sai ya fara gaishe shi kafin ya dube ni, kuma wannan gaisuwar ita ce abincinsa.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, don in ban faɗa ba labarin ya zama ƙarya. Rumfa tana da kwaɗayi. Da rana babur ba ya nan, ga inuwa zaune a banza, sai matata ta fito da tebur ta ɗora ƙanƙara da zoɓo. Watan da albasa ta yi araha na sayi fiye da abin da shagona zai ɗauka, na ce buhu goma su ɗan kwana biyu a rumfar Baba. Suka yi wata uku. Maƙwabcinmu na dama ya ga tamu ya kafa tasa, ya fi mu shiga titi da taku ɗaya. Mai shayi ya kafa ya fi shi. Kafin shekara biyu layinmu da mota biyu ke wucewa a cikinsa ya zama sai ɗaya, ita ma da addu'a. Kowa kuma in an yi masa magana sai ya nuna ƙofarmu: ai Alhaji ne ya fara.

Shugaba Patrice Talon ya hau mulki a Afrilun 2016. Kafin ƙarshen shekarar aka yi sanarwar cewa duk wanda ya ci filin gwamnati a manyan birane, bakin titi ne ko kan kwata, ya kwashe kayansa da kansa kafin sabuwar shekara. Muka ce ai mun saba jin irinta. Sai Janairun 2017 ya zo, hotuna suka fara shigowa wayoyinmu daga Kwatano: katafila tana ture shaguna, mata na kuka a kan tarkace. A cikin watan ne kuma aka tayar da maganar hana salla a kan titi, wadda ta girgiza mu musulmi har sai da limamai suka zauna da shugaban ƙasa. Kowa dai ya gane wannan karon ba wasa. Wata safiya na fito na tarar da jan gicciye a jikin ƙarfen rumfarmu, fentin bai gama bushewa ba.

Na saka babbar riga na tafi wani ofishi, ba sai na faɗi wanne ba. Na riƙe takardar likita da hoton Baba a kan babur. Mutumin da na samu ba mugu ba ne. Ya ba ni kujera, ya karanta takardar har ƙasa, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, cikin Hausarsa ta 'yan Dandi, “Alhaji, rumfar nan ta tsoho ce ko ta albasa?” Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ashe sun zagaya, sun gani. Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu ya ce, “Ko da ta tsoho ce zalla, takardar da aka ba ni ba ta da ‘banda’. In na bar taka, gobe mutum hamsin za su zo da hoton tsohonsu. Wasu ma aro za su yi.” Na so in ji haushinsa, amma na san aƙalla mutum biyu a layinmu da za su yi aron.

Ni da kaina na kwance ta, don in tsira da kwanon. Baba yana zaune a zaure yana jan carbi, bai ce uffan ba. Da aka zo fasa simintin kan kwata, abin da muka tarar a ƙasa ya ba ni kunya: leda, yashi, ɓawon albasa, duk sun cushe sun zama kamar bango. Shekara uku ruwan layin yana komawa gidan wata tsohuwa da ke gangare, muna cewa gidanta ne ya yi ƙasa.

Aka kai babur gidan wani abokina mai babbar ƙofa, tafiyar minti biyar. Tsari mai kyau a baki: duk sanda Baba ke son fita, yaro ya je ya kawo. Sati na farko haka aka yi. Sati na biyu yaron ya makara, aka tayar da salla Baba na tsaye a bakin zaure da sanduna. Sati na uku ya ce asubar ya riƙa yi a gida, sanyi ya yi yawa. Daga nan kasuwa ta koma Litinin da Alhamis, daga nan ta koma “in Allah ya kai mu”. Na ce, “Baba, ku faɗa kawai a kawo muku, mene ne amfanin yaran?” Ya ce, “Na hutar da ku.” Inna ce ta fassara mini a bayan ɗaki. Ta ce, “Mutumin da ya shekara arba'in ana roƙonsa, kana so ya roƙi jikansa sau biyar a yini? Ai gara masa zaman.”

Zaman kuwa ya fara cin sa. Suga ya hau, ƙafar da ta rage ta fara kumbura, barci ya ƙaurace. Likita ya ƙara magani, ya ce a rage tuwo. Ni dai na san ba tuwo ba ne.

A wannan lokacin na zama mai zagin aikin rusau a duk majalisar da na zauna. Wanda ya rufe mini baki wani makaho ne da ke bin layinmu kullum zuwa bakin kasuwa, mun fi shekara ashirin muna gaisawa. Ya ji ina ta faɗa a wajen mai shayi, sai ya ce, “Alhaji, in faɗa maka gaskiya? Tun da aka cire rumfunan nan ban ƙara fasa goshi ba. Ƙarfenka na kusurwa sau uku yana gaishe ni.” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta bi ni har gida. Ashe abin da ya buɗe wa mai ƙafa ɗaya hanya shi ya rufe ta ga marar ido. Ni kuwa ina ta ɗaukar kaina mai kare naƙasassu.

Wani abin mamaki, a cikin wannan shekarar ta 2017 ne ƙasar Benin ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu, mai lamba 2017-06, wadda aka sa wa hannu ranar 29 ga Satumba. Tun 2012 ma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haka. Ɗana da ke lakwal ya karanta mini ita yana fassarawa: maganar karatu, maganar aiki, maganar lafiya, maganar yadda za a gina wuraren jama'a ta yadda mai keke zai iya shiga. Doka ce mai kyau, Allah ya sa a aikata. Sai dai tana maganar yadda Baba zai shiga ofis da asibiti ne. Namu ciwon yadda zai fita daga gida ne, kuma tsakanin matakalarmu da kujerar babur babu wanda ya rubuta komai.

Dabara ta zo daga inda ban zata ba. Ɗan yayata yana karatu a Kanada, a Mantiriyal. Wata rana a ƙarshen kaka ya turo hoto a WhatsApp na iyali: layi guda, kowane gida da wata farar rumfa ta tamfol a kan ƙarafa, kamar an yi zangon alhazai. Muka ce ko biki ake? Ya ce a'a, rumfar mota ce, suna kiranta Tempo, ana kafawa saboda ƙanƙarar da ke zubowa, don kada mutum ya tashi da safe ya tarar an binne masa mota. Abin da ya kama ni shi ne bayanin da ya biyo baya. Ya ce kowane gari da ranar kafawa da ranar cirewa, yawanci daga wajen Oktoba ko Nuwamba zuwa Afrilu, wanda ya wuce rana a ci shi tara. Akwai tazarar da dole a bari tsakaninta da bakin titi. Wasu garuruwan sun hana ta sam, wai tana ɓata kyan unguwa, kuma a can ma tsofaffi da naƙasassu suna ta kai kuka, don mai shekara tamanin ba zai iya kwasar ƙanƙara da shebur ba. A wasu wuraren sai aka ce to, mai takardar likita a bar shi ya kafa.

Na yi dariya da farko. Ashe har a ƙasar Turawa ana rigimar rumfa! Daga baya na zauna na yi tunani. Abin da na roƙa a ofishin nan shi ne a bar mini rumfa, shi ke nan, ba rana ba wata. Su kuwa can abin da suke bayarwa aro ne: ga mai shi, ga faɗinta, ga ranar da za ta sauka. Bambancin kyauta da aro ai ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa.

Na tafi Jugu da wannan tunanin, ɗaurin auren wata ƙanwa. Tafiyar kilomita 130 da ɗoriya ce, na yi ta ina tsara maganar da zan faɗa wa mai unguwa in na dawo. A can na ga ƙarshen irin rumfar da na so a bar mini. Kawunmu, yayan Baba, ya yi shekaru da tsohuwar Fijo 504 wadda ba ya iya tuƙawa saboda ido, amma ita ke kai shi asibiti da Juma'a. An bar shi ya kafa mata rumfa a bakin hanya, don a Jugu wa zai ce wa Kawu cire? Kowa ya ci tuwon gidansa. Kawu ya rasu, aka sayar da motar kafin arba'in. Rumfar fa? Babban ɗansa ya ja mata bulo gefe uku, ya sa ƙofar ƙarfe, ya zuba buhunan siminti yana sayarwa. Na tambaye shi, cikin wasa, ko har yanzu ta marigayi ce. Ya ce, “Yaya, ai gado ce.” Ga hanya nan ta ƙuntata, mai kura sai ya sauka gefe in mota ta taho. Na tuna mutumin ofis da “wasu ma aro za su yi”, na ce a raina, Allah ya ba ka haƙuri, malam.

Da na dawo ban koma ofis ba. Na sayi goro fari ƙwarya guda, na ɗauki liman da makahon nan, muka je wajen mai unguwa bayan la'asar. Da gangan na tafi da makahon, kuma shi ya fi ni iya magana. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba rumfa na zo roƙo ba, aron bango na zo yi.” Na shimfiɗa masa: tamfol a kan bututu uku, a jingine da bangonmu, faɗinsa taku biyu da rabi, ba zai taɓa kwata ba. Ba siminti, ba kwano. Ba abin da zai kwana a ciki sai babur ɗin Baba. Ranar da Baba ya daina hawa, ko Allah ya yi masa rasuwa, a ranar za ta sauka. Makaho ya ƙara nasa sharaɗin: bututun kusurwa a naɗe shi da tsohuwar tayar babur, kuma a bar shi wuri ɗaya kullum don sandarsa ta haddace.

Mai unguwa ya ce, “Wane lokaci zuwa wane lokaci?” Na ce hunturu da damina. Ya ƙirga da yatsu: Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Ya ce, “Alhaji, ai ka cinye shekarar, wata ɗaya ka bar mini, shi ma na zafi ne da za ka dawo ka ce kujera na ƙona shi.” Liman ya yi dariya har da tari. Muka yi ta ja kamar cinikin buhu. A ƙarshe ya ce hunturu kawai zai iya ɗauka a wuyansa, daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, don lokacin kwata a bushe take, ba mai cewa mun tare ruwa. Kuma ya faɗa mini a gaban shaidu: “Ba takarda zan ba ka ba, ba ni da ikon ba da ita. In manya suka zo suka ce a cire, ban san ka ba.”

Na karɓa. Mai neman aro ba ya zaɓen launi.

Damina kuwa sai muka yi mata wata dabara: mai walda ya ɗinka wa babur riga ta tamfol, na zuba tsakuwa a gindin matakala don sanda ta daina zamewa, batir kuma ana cire shi a shigar da shi ɗaki in hadari ya haɗu. Ba ta kai rumfa ba. Ranar da aka kwana ana ruwa Baba ba ya fita, kuma dole wani ya ɗaga masa rigar, wato roƙon da yake gudu bai ƙare duka ba. Amma wata ukun nan na hunturu nasa ne shi kaɗai. Mun lura ma da wani abu: in ya samu wata ukun, sauran watannin ya fi yarda a taimaka masa. Kamar dai mutum in yana da 'yan kuɗi a aljihu ya fi iya karɓar kyauta.

Akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Mun samu ne don liman ya san tarin Baba, don mai unguwa ya taɓa cin bashin albasa a wajenmu, don ina da kuɗin goro da babbar riga. A bayan layinmu akwai wata mata 'yar Dosso, mijinta ya tafi Kwatano neman kuɗi, tana da yaro mai shan inna da keken hannu da wata ƙungiya ta ba shi. Keken a waje yake kwana, sarƙa ta yi tsatsa, ƙura ta cinye ƙafafun. Ita wa zai raka ta wajen mai unguwa? Da a ce abin a rubuce yake, mai takardar likita ya je ya cika fom, a auna masa, a ba shi rana, a zo a duba ko ya zuba albasa, da ba ta buƙatar sanin kowa. Na faɗi haka a taron 'yan kasuwarmu sau biyu. Aka ce magana ce mai kyau, aka wuce zuwa maganar iyakar Nijar, wadda tun juyin mulkin Yulin 2023 ta hana kowa barci. Ban ga laifinsu ba, albasar Galmi ta fi rumfar tsoho zafi a aljihu. Na dai sa yarana sun kai wa matar ragowar tamfol, mun ɗaura mata a jikin katanga ba tare da mun tambayi kowa ba. In an zo, ni ma ban san ta ba.

An canza mai unguwa tun daga lokacin. Sabon yaro ne, ya yi boko, yana kirana “Baba Alhaji”. Duk ƙarshen Nuwamba nakan je da goro in sake shimfiɗa maganar daga farko, shi kuma ya yi kamar bai taɓa ji ba, ya tambayi faɗi, ya tambayi rana, ya ce in manya suka zo bai san ni ba. An shimfiɗa sababbin tituna a unguwanni da dama na Faraku, in aikin ya iso layinmu ban san ko taku huɗun nan za su rage ba.

Bana mun kafa ta ranar 1 ga Disamba, bayan azahar. Baba ya zauna a kan matakala ta sama yana ba da umarni, wai bututun tsakiya ya karkace, alhali bai karkace ba. Hannunsa ya fara rawa yanzu, nisan da yake zuwa ya ragu, masallaci da gidan wani abokinsa, kasuwa sai Alhamis. Kwana uku da kafawa na dawo da dare na tarar da buhun albasa guda yashe a tsakiyar layi, ya fashe, awaki na kai. Babban ɗana ne ya ajiye shi a rumfar, wai zuwa safe kawai. Baba ya sauko da kansa, ya sa ƙasan sanda ya yi ta tura shi har ya fitar. Na same shi a zaure yana haki, gumi a goshi duk da sanyin. Na ce, “Baba, da kun kira wani ai.” Ya ce, “Je ka kwashe kayanka kafin makaho ya taka.”